Biftek da dankalin turawa a kasko guda: zaɓen nama, tsarin suya da abin da ya kamata a kiyaye

Biftek da dankalin turawa abinci ne da mazauna birni suka fi sani a gidajen abinci na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, inda ake kawo soyayyen yankan nama a gefe guda na faranti, soyayyen dankali a ɗaya gefen. A gida ana iya haɗa su biyun cikin kasko ɗaya, a kan wuta ɗaya, a gama cikin minti 45 zuwa awa guda. Shi ya sa girkin ya dace da ma'aikacin da ya taso daga aiki da yamma, da ɗaliban da ke zaman haya, da uwargidan da baƙi suka yi wa sallama bayan magariba. Sai dai nama ba shi da arha, kuma wannan girki ba ya ɓoye kuskure kamar yadda miya ke yi. Idan aka sayi ɓangaren da bai dace ba, ko aka zuba komai a kasko lokaci guda, naman zai fito da tauri, dankalin kuma ya ƙone a waje cikinsa ɗanye, kuɗi da gas su tafi a banza.

Asalin girkin

Kalmar biftek ta shigo Nijar ta bakin Faransawa, su ma sun aro ta ne daga Ingilishi. Abin da take nufi shi ne yankan tsokar sa mai faɗi da ake soyawa ko gasawa cikin ƴan mintuna a kan wuta mai ƙarfi. Dankalin turawa kuwa, duk da sunansa, ba ɗan Turai ba ne. An fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, a yankin da ƙasashen Peru da Boliviya suke a yau. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A Faransa an daɗe ana ƙyamarsa, har sai da wani mai haɗa magunguna na soja, Antoine-Augustin Parmentier (1737–1813), wanda ya rayu da cin dankali lokacin da yake fursunan yaƙi a Prusiya, ya tsaya tsayin daka wajen tallata shi. A 1772 malaman likitanci na Paris suka amince cewa abinci ne da mutum zai iya ci.

Daga baya haɗin biftek da soyayyen dankali ya zama abincin yau da kullum a Faransa da Beljiyom. A can ana tsoma dankalin cikin mai mai yawa, a soya naman a wani kasko dabam. Na kasko guda ya fi kusa da wani girkin Faransawa na gida, wanda ake yanka dankali ƙanana a soya da ɗan mai da albasa. Ribarsa uku ce: mai kaɗan, wuta ɗaya, sannan ɗanɗanon da nama ya bari a gindin kasko ba ya tafiya wurin wanke-wanke, yana komawa cikin abincin.

Dankali da albasa

A Nijar dankalin turawa amfanin lambu ne na lokacin sanyi. Ana shuka shi bayan damina, sabo kuma yakan cika kasuwa daga watan Janairu zuwa Maris. Wuraren da suka yi suna da nomansa sun haɗa da lambunan Abzin a jahar Agadas, kamar Tabelot, da Bonkuku a yankin Filinge na jahar Tillaberi. Wani kuma yana shigowa daga Najeriya, musamman daga tsaunin Jos. Dankalin da ya dace da kasko shi ne mai tauri a hannu, mai santsin bawo, wanda bai yi tsiro ba, bai yi kore ba, bai kuma yanƙwane ba. Matsakaici ya fi babba sauƙin yankawa daidai wa daida.

Dankalin da ya sha rana ko haske yakan yi kore a ƙarƙashin bawo. Wannan alama ce cewa wani dafi mai suna solanin ya ƙaru a cikinsa, kuma suya ba ta kashe shi. Yana kawo ɗaci, ciwon ciki, amai da zawo. Idan koren ɗan tabo ne, a fere shi da zurfi, a ƙwaƙule idanun da suka tsiro. Idan ya mamaye dankalin ko yana da ɗaci, a zubar. A gida ana ajiye dankali a wuri mai duhu da iska, cikin kwando ko buhun raga, ba cikin leda ba.

Albasa kuwa ba sai an je nesa ba. Jar albasar Galmi ta jahar Tawa, wadda ake fitarwa zuwa ƙasashen bakin teku, tana da ƙarfin ɗanɗano, kuma idan ta sha wuta a hankali takan yi zaƙi. Ita ce ke zama romon wannan girki.

Zaɓen nama

Mafi yawan nasarar biftek a teburin mahauci ake samunta. Ƙa'idar ita ce: tsokar da dabba ta fi aiki da ita ta fi tauri. Ƙwauri, wuya, ƙirji da kafaɗa cike suke da jijiya, wadda ba ta narkewa sai ta daɗe tana dahuwa cikin ruwa. Waɗannan na miya ne da farfesu. Naman suya na gaggawa yana fitowa ne daga gadon baya da saman cinya. Wanda ya fi kowanne taushi shi ne doguwar tsokar da ke kwance a cikin gadon baya, wadda mahautan birni ke kira file, kuma ita ta fi tsada. Mai bi mata shi ne naman da ke saman gadon baya, sai na kuturi da tsokar cinya ta ciki.

Shanun Nijar, irin su Azawak da Bororo, shanun kiwo ne da ke yin doguwar tafiya neman ciyawa da ruwa, kuma sau da yawa sai sun manyanta ake yanka su. Namansu na da ɗanɗano, amma kitsen da ke cikin tsoka kaɗan ne, tauri kuma ya fi na shanun da ake turkewa. Saboda haka lissafin mintuna da kaurin yanka da ake gani a littattafan girki na Turai ba ya aiki kai tsaye a nan. Yanka mai kauri santimita 3 da zai yi daɗi a Paris, a Maraɗi zai iya gajiyar da muƙamuƙi. Abin da ya fi shi ne yanka na santimita 1 zuwa 1 da rabi.

Akwai kuma batun lokaci. A kasuwanninmu ana sayar da nama ranar da aka yanka shi. Ƴan awoyi bayan yanka tsoka takan sandare, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a cikin sanyi take sakewa. Mai firigo da wutar da ba ta yawan ɗaukewa zai iya sayen nama yau, ya rufe shi a wurin da ya fi sanyi, ya soya gobe ko jibi, zai ga bambanci. Wanda ba shi da firigo kada ya gwada wannan a zafin ɗaki, domin naman zai lalace kafin ya yi taushi.

Nama mai kyau ja ne mai haske, ba ya yauƙi, ba ya wari, kuma idan an danna shi da yatsa yakan dawo. Ya fi kyau a saya wurin mahaucin da ke ɗauko nama daga abatuwa, inda ma'aikatan lafiyar dabbobi ke duba shi su buga masa hatimi. A gaya wa mahauci cewa na biftek ake so, a kuma roƙe shi ya ba da tsokar a dunƙule, kada ya daddatsa ta da ƙashi.

Tausasa nama

Hanya ta farko wuƙa ce. Kowace tsoka tana da zare-zare da suka miƙe ta fuska ɗaya. Idan aka yanka a kan tsawonsu, haƙori ne zai yi aikin tsinka su. Idan aka gitta su da wuƙa, sun riga sun gajarce. A cire farar fatar nan mai sheƙi da ke manne a jikin tsoka, domin ita ce ke tsukewa a wuta ta lanƙwasa yankan.

Hanya ta biyu duka ce. A shimfiɗa yankan a kan katako, a rufe da leda mai tsabta, a bubbuga da taɓarya ƙarama ko gindin kwalba mai kauri har ya baje daidai. Ba a so ya yage.

Hanya ta uku jiƙo ne. Ɗanyar gwanda da ganyenta suna da wani sinadari mai suna papayin da ke warware tsoka. Abarba da ɗanyar citta ma suna da makamancinsa. Babban cokali ɗaya na gurzajjiyar ɗanyar gwanda ya ishi rabin kilo, na tsawon minti 20 zuwa 30. Idan aka wuce haka saman naman zai yi laushi kamar dafaffiyar hanta, ya ƙi soyuwa. Wasu na amfani da bikarbonat: rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo, minti 15, sannan a ɗauraye sosai. Lemun tsami da binigar suna ƙara ɗanɗano, amma tausasawarsu ba ta wuce sama-sama. Ko wace hanya aka bi, sai an goge naman ya bushe kafin ya shiga kasko. Wanda ya wanke nama saboda ƙurar kasuwa ya wanke shi cikin kwano ba tare da fantsama ruwa a kan sauran kayan abinci ba, ya tsane shi da tsumma mai tsabta.

Kasko, wuta da mai

Kaskon da ake so mai faɗi ne, kamar santimita 28 zuwa 30, mai kaurin gindi, mai murfi. Kauri shi ne ke riƙe zafi lokacin da aka ɗora nama mai sanyi. Kaskon baƙin ƙarfe ya fi kowanne, na alminiyom mai kauri da maƙera ke zubawa shi ma yana yi. Mai siririn gindi yana ƙona wuri ɗaya ya bar wani. Kaskon da aka shafe cikinsa don kada abinci ya kama yana da kyau ga dankali, amma ba a barin shi a kan wuta mai ƙarfi babu komai a ciki. Idan babu murfi, faranti na ƙarfe ya wadatar.

Gas ya fi sauƙi domin ana ƙara shi a rage nan take. A kan ƙaramar kwalbar gas ta kilo 6 mai murhu a ka, a tabbatar kwalbar ta zauna daram a ƙasa, hannun kasko kuma ba ya fuskantar inda yara ke wucewa. A kan gawayi, a jira har ya zama garwashi, a tara shi gefe guda na murhu don a samu wuri mai zafi da wuri mai sauƙi. Ba a hura gawayi a ɗakin da ke rufe, ko da sanyin hunturu ne, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Man gyaɗa shi ne ya fi dacewa. Na kamfani da aka tace yana jure zafi fiye da na gida, wanda ke saurin yin hayaƙi, don haka mai amfani da na gida ya ɗan sassauta wuta. Man shanu ɗanye da bota suna ƙonewa da wuri, sai a bar su zuwa ƙarshe don ƙamshi. Idan mai ya kama da wuta, a kashe gas a kife murfi a kan kasko. Ba a zuba ruwa.

Ma'auni na mutum huɗu

Nama giram 600. Dankalin turawa giram 800. Manyan albasa 2. Tafarnuwa ƙwaya 4. Ɗanyen tattasai 1. Tarugu 1 ga mai son yaji. Man gyaɗa babban cokali 5. Gishiri ƙaramin cokali 1, a raba shi tsakanin nama da dankali. Masoro dakakke rabin ƙaramin cokali. Mutard babban cokali 1. Rabin lemun tsami. Ruwa rabin kofin shan ruwa. Ganyen farsili ko lawashi idan akwai. Mai saka magi ya rage gishiri, domin mafi yawan dunƙulen gishiri ne.

Matakan girki

Ana farawa da dankali, domin yana bukatar kusan minti 20, nama kuwa bai wuce minti 6 ba. Idan aka soma da nama zai huce ya taurare kafin dankali ya nuna.

Da farko a yanka naman, a bubbuga shi, a barbaɗa masa masoro, a ajiye a rufe. Idan za a yi jiƙon gwanda, yanzu ne lokacinsa, zai yi aikinsa yayin da dankali ke kan wuta. A wanke hannu, wuƙa da katako da sabulu kafin a taɓa sauran kaya.

A fere dankali, a yanka shi murabba'i kamar santimita 2, duka girma ɗaya, domin ƙanana za su dagargaje kafin manya su nuna. A ɗauraye shi don fitar da farin garin da ke sa shi manne wa kasko, a tsane shi cikin tsumma har ya bushe. A yanka albasa siri-siri, a yanka tattasai, a daka tafarnuwa.

A ɗora kasko a matsakaiciyar wuta da mai cokali 3. Idan man ya yi zafi, a zuba dankali a baje shi kada wani ya hau wani. A bar shi minti 5 ba tare da an taɓa ba. Dankali yakan kama kasko da farko, sai ya saki da kansa idan ƙasansa ya yi ɓawo, saboda haka mai saurin juyawa shi ke farfasa shi. A juya, a ƙara minti 5. Sannan a barbaɗa rabin gishirin, a zuba rabin ruwan da aka auna ta gefen kasko, a rufe nan da nan, a rage wuta. Tururi zai dafa cikinsa cikin minti 7 zuwa 8. A buɗe, a soka wuƙa: idan ta shige ba turjiya, ya nuna. A bar shi a buɗe minti 3 don ruwan ya ƙafe ɓawon ya dawo, a kwashe a faranti.

A goge kaskon idan akwai burbushin da zai ƙone, a ƙara wuta sosai, a zuba mai cokali 1. A goge naman ya bushe, a sa masa sauran gishirin a daidai wannan lokaci. Idan man ya fara sheƙi yana gudu a kasko kamar ruwa, a jera rabin naman da tazara tsakani. Ya kamata a ji ƙara mai ƙarfi da zarar ya taɓa kasko. Idan ba a ji ba, kaskon bai yi zafi ba. A bar shi minti 3, a juya sau ɗaya, a ƙara minti 2 zuwa 3. A kwashe a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen nama ya zauna a kai ba, a rufe sama-sama. A jira kaskon ya sake yin zafi, a soya sauran rabin.

Yanzu gindin kasko ya yi ja-ja da abin da nama ya bari. A rage wuta, a zuba cokalin mai na ƙarshe, a zuba albasa da tattasai, a riƙa juyawa minti 5 har albasa ta yi laushi. A sa tafarnuwa da tarugu na minti 1 kawai, domin tafarnuwa na saurin ƙonewa ta yi ɗaci. A dama mutard cikin sauran ruwan, a zuba, a kankare gindin kasko da cokalin katako har ya narke ya zama ɗan romo mai kauri. A mayar da dankali, a juya minti 2. A kashe wuta, a yanka naman tsaye-tsaye a gitta zarensa, a mayar da shi tare da ruwan da ya tsatso a faranti. A matsa lemun tsami, a watsa farsili, a kai wa masu ci da zafinsa. Ana ci da burodi da salati, ko haka nan.

Dalilin zafi da hutawa

Launin ja-ja da ƙamshin soyayyen nama suna fitowa ne daga haɗuwar sinadaran gina jiki da sukarin da ke saman naman idan zafi ya kai wajen digiri 140. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan a 1912, kuma da sunansa ake kiran abin. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Muddin akwai ruwa a kasko, naman dahuwa yake yi, ba suya ba. Wannan ne ya sa ake busar da nama, ake soya shi kashi biyu, ake kuma sa gishiri a ƙurarren lokaci, tunda gishiri na jawo ruwa waje cikin ƴan mintuna. Wanda ke da lokaci zai iya sa gishirin minti 40 ko fiye kafin suya, ruwan zai fito ya koma ciki. Tsakanin waɗannan biyu ne matsala take. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa: mai zuba giram 600 a kasko lokaci guda don ya gama da wuri zai tsaya jiran ruwa ya ƙafe, kafin nan naman ya taurare.

Hutawar minti 5 da nama ke yi a faranti tana da amfani biyu. Zafin da ke waje na ci gaba da shiga ciki ya ƙarasa dahuwa, kuma idan an zo yankawa ruwan da zai zube ba shi da yawa.

Nunar nama da lafiya

A gidajen abinci masu bin tsarin Faransa akan tambayi mai saye yadda yake son namansa: saignant, wato cikinsa ja, ko à point, wato tsaka-tsaki, ko bien cuit, wato ya nuna sarai. Ga naman da aka sayo a kasuwa, na ƙarshen shi ne mafi aminci. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar abinci ya kai zafin digiri 70 har cikinsa. Naman sa na iya ɗauke da ƙwayoyin tsila, waɗanda ke zama cikin tsoka kamar ƴan fararen ƙuraje, kuma idan mutum ya ci su da rai sukan zama doguwar tsutsa a hanjinsa. Dahuwa sosai na kashe su. Naman da aka bubbuga, ko aka sossoke, ko aka niƙa, ya fi bukatar nuna har ciki, domin ƙwayoyin cutar da ke samansa sun samu hanyar shiga. Mata masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya kada a ba su naman da cikinsa ke ja.

Tunda ba kowane gida ke da ma'aunin zafi ba, a yanka yankan da ya fi kauri a duba: kada a ga ja, ruwan da ke fita kuma ya zama garau. Amfanin siririn yanka ke nan, yana nuna har ciki kafin ya bushe. Dankali kuma a tsaya da shi a launin zinariya. Wanda ya yi baƙi yana da ɗaci, kuma masana lafiya na ba da shawarar a rage cin abinci mai sitaci da ya ƙone.

Kurakuran da aka fi yi

Idan nama ya yi tauri, ko dai ɓangaren miya aka saya, ko an yanka shi a kan tsawon zare, ko ya daɗe a wuta. Ana iya ceto shi: a yanka shi ƙanana, a mayar cikin albasa da kofin ruwa da tumatir, a rufe a ƙaramar wuta na minti 40 zuwa awa guda, sannan a zuba dankali a ƙarshe. Ya tashi daga biftek ya koma ragu, amma ba a yi asara ba. Idan nama ya yi fari yana iyo cikin ruwa, an cika kasko ne ko bai yi zafi ba. A kwashe shi, a juye ruwan a kofi don romo, a sake zafafa kasko. Idan dankali ya ƙone a waje cikinsa ɗanye, wuta ta yi yawa ko an tsallake matakin rufewa. Idan ya dagargaje, ruwa ya yi yawa ko an cika juyawa. Idan gindin kasko ya yi baƙi ƙirin maimakon ja-ja, kada a yi romo da shi, a wanke kafin a soya albasa.

Sauye-sauye

Tsarin bai taƙaita ga naman sa ba. Cinyar rago tana yi da kyau, ciki har da na layya idan ya kwana a sanyi. Ƙirjin kaza da aka fasa biyu yana ɗaukar minti 4 zuwa 5 kowane gefe, kuma dole ya nuna har ciki. Hanta ta fi saurin nuna, kuma tana taurarewa da zarar ta wuce lokaci. Dankalin Hausa na iya maye gurbin na turawa idan ya yi tsada, sai dai yana da sukari, don haka yana son wuta mai sauƙi. Mai son ɗanɗanon tsire ya barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli bayan an sauke, domin a kasko ƙonewa yake yi. Garin tattasan Difa rabin cokali a cikin albasa na ba da launi da ƙamshi. Idan nama ya yi kaɗan, giram 300 da aka yanka siri-siri kamar yatsa, aka soya minti 3, zai ratsa dankalin ya ishi mutum huɗu, musamman idan an ƙara karas ko koren wake. Ga mutum biyu a raba ma'aunin biyu, naman zai shiga kasko sau ɗaya, girkin ya ƙare cikin kamar minti 35.

Abin da yake ba jiki da yadda ake ajiye saura

Tsokar sa na da kimanin giram 20 na sinadarin gina jiki a cikin kowane giram 100, tare da sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da jini ke bukata. Dankali kusan kashi huɗu cikin biyar nasa ruwa ne, sauran mafi yawa sitaci, yana kuma ɗauke da potasiyom da bitamin C. Abin lura shi ne gishiri da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Mai hawan jini ya bar magi ya ƙara tafarnuwa, masoro da lemun tsami. Mai ciwon sukari ya rage dankali ya ƙara salati.

Dafaffen nama da dankali ba sa jure zafin ɗaki. Abin da ya rage a sa shi a firigo kafin awa 2, a lokacin bazara kuwa kafin awa 1, a cinye cikin kwana biyu. Idan wuta ta ɗauke na tsawon yini, kada a dogara da wari kaɗai wajen yanke hukunci, a haƙura da shi. Wurin ɗumamawa a zuba cokali 2 na ruwa a kasko, a rufe, a bar shi ya yi zafi har ciki, sau ɗaya kawai. Gidan da babu firigo, a girka daidai cikin masu ci.